Katin zakka da kasafin coci: wanne za a fara, buɗe littafi ko ƙara bayarwa?

Ɗan Samaru: Salama iyaye da 'yan'uwa. Ranar Lahadi bayan sujada sakatare ya sanar cewa kasafin baɗi ya fi na bana, kuma kwamitin kuɗi na so kowane gida ya karɓi katin zakka, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ke samu, a riƙa cikewa wata wata. Ni ga inda na tsaya: ba daidai ba ne a ce mutane su ƙara bayarwa alhali ba a nuna musu inda na bara ya shiga ba. Jimla kawai ake karanta mana, an samu kaza an kashe kaza, sai tafi. A fara buɗe littafi tukuna, kati ya biyo baya in ma ya zama dole.

Baba Dattijo: Ɗana, zakka ba ta kwamiti ba ce, ta Ubangiji ce. Malakai 3:10 cewa ya yi a kawo ta duka cikin ma'aji domin abinci ya kasance a gidan Allah, bai ce sai ka ga rasit ba. In wani ya ci, shi da Allahnsa. Kai dai ka sauke naka nauyin.

Ɗan Samaru: Baba ban ce zan riƙe tawa ba, ina bayarwa kuma zan ci gaba. Amma ni nake zama da samarin nan, na san abin da suke faɗa in an fita waje, da yawa sun koma tura kuɗinsu kai tsaye ga wani mara lafiya ko ɗalibin da ya rasa kuɗin rajista saboda can suna ganin abin da ido.

Maman Zumunta: Ni abin da ya dame ni katin ne ba lissafin ba. A zumuntar mata muna da gwauraye, wata ƙosai take soyawa a bakin titi, wata wankau take yi a gidajen ma'aikata, kuɗinsu ba na ƙarshen wata ba ne balle a ce ga kashi goma. Na ga wata da idona ranar godiyar kaka ta shigo da masara tiya biyu a ɗaure cikin tsohon zane, ta ajiye a gaba tana rawa har da guɗa, toh wannan a wane layi na kati za a rubuta ta? Ranar da aka fara duba kati kafin a je wa mutum gaisuwar rashin lafiya ko a tsaya masa a biki, matan nan za su daina zuwa don kunya, ni na san su.

Baba Dattijo: Babu wanda ya ce za a duba kati kafin a yi wa mutum hidima, Mama.

Maman Zumunta: Yau ba a ce ba Baba. Amma takarda in ta zauna a ofis wata rana sai an buɗe ta.

Ma'aji: Ku bari in sa baki tunda ni ke riƙe da littafin. Na farko ban ji haushin maganar ƙanena ba ko kaɗan. Amma ina so ku san yadda abin yake. Mu uku muke ƙirga baiko bayan sujada, a zazzage jaka a kan tebur, yawanci hamsin hamsin ne da ɗari ɗari, wasu sun yage an manna su da salatif, a jera a ɗaure da roba kowa ya sa hannu, Litinin a kai banki. Daga ciki ake biyan fasto, da mai gadi, da mai shara, da kuɗin wuta, da man janareto, a fitar da kason da ake aikawa hedikwatar coci wanda ba mu da ikon taɓawa, sannan in wani ya kwanta asibiti a zo a ce coci ta taimaka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin da muke kashewa a janareto kaɗai ya ninka ya sake ninkawa, baiko kuwa bai motsa haka ba don masu bayarwar su ma abin ya taɓa su. Maganar tsaro kuma kun sani, tun harin bam na watan Yunin 2012 a coci-coci a Wusasa da Sabon Gari nan Zariya babu ikkilisiyar da ke wasa da gadi a garin nan, kuma gadi kuɗi ne. Akwai watan da sai na kira mutum biyu uku a ɓoye kafin albashin fasto ya cika, shi bai ma sani ba. Katin nan ba don a kunyata kowa aka kawo shi ba, so muke mu san abin da za mu iya dogara da shi kafin mu yi alkawarin gyaran kwanon da ke yoyo ta gefen 'yan kwaya.

Ɗan Samaru: Yaya ka ga wannan bayanin da ka yi yanzu? Shi nake nema. Ban taɓa sanin albashin fasto na kasa cika ba, da na sani da tuni na ƙara. Me ya hana a faɗe shi a gaban jama'a?

Ma'aji: Wasu dattawa na ganin tonon asiri ne a karanta albashin bawan Allah a bainar jama'a.

Malamar Sande Sukul: Baba Dattijo da girmamawa, ina so in koma kan Nassi don kada ya zama kamar masu neman lissafi ba su da aya. A 2 Korintiyawa 8, da Bulus ke tara gudummawa domin 'yan'uwa na Urushalima bai ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi da kansu suka zaɓa, kuma ya faɗi dalili, don kada kowa ya sami abin zargi, yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane ma. Bulus ne fa. In shi bai ce ku yarda da ni kawai ba, mu su wa? Sannan ita kanta zakkar, Littafin Ƙidaya 18 ya ba Lawiyawa ita saboda ba su da gādon ƙasa, amma Maimaitawar Shari'a 14 ta ce duk shekara uku a tara ta cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Kenan gwaurayen da Mama ke magana suna cikin masu cin zakka, ba masu bin layin kati kaɗai ba. Ni tambayata ga kwamiti, a kasafin baɗi nawa aka ware musu?

Baba Dattijo: 'Yata kin yi karatu, Allah ya ƙara sani. Amma ki duba 2 Sarakuna 12, lokacin da sarki Yowash ya sa a gyara Haikali, an rubuta cewa ba a nemi lissafi daga hannun mutanen da aka ba kuɗin su biya ma'aikata ba, domin masu aminci ne. Akwai wurin da amana ke isa.

Malamar Sande Sukul: Haka ne Baba, amma a surar nan ɗin dai, kafin a kai ga wannan, firistoci sun yi ta karɓar kuɗi har shekara ta 23 ta sarautar Yowash ba a gyara komai ba. Sai da firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga. Da aka gyara tsarin ne amanar ta dawo.

Wani Malami a Jami'a: Ni kashi goman ne ma nake da magana a kai. Wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa hannu a 2024, zakkarsa dubu 7, ku lissafa abin da ya rage da haya da kuɗin makaranta da buhun masara. Mai samun miliyan in ya cire dubu ɗari bai ji komai ba. Lokacin yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022, wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba babu albashi, da akwai kati a lokacin me za a rubuta mana, bashi? 2 Korintiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa ba da tilas ba, ni a nan na tsaya.

Baba Dattijo: Malam ayar nan ana yawan fakewa da ita a ba Allah canjin da ya rage a aljihu. Iyayenmu ba su da albashi amma dami goma in suka ɗaure ɗaya na Ubangiji ne, ba a tambaye su ba. Cocin St Bartholomew na Wusasa tun 1929 yake tsaye, ginin ƙasa, zamanin su Likita Mila, Baturen mishan, ana samun taimako daga Ingila, yau wa zai aiko mana? In ba mu ɗauki nauyin cocinmu ba babu mai ɗauka. Kuma Yesu a Matiyu 23:23 bai soke zakka ba, cewa ya yi a yi gaskiya da jinƙai ba tare da an bar ta ba.

Wani Malami a Jami'a: Ban musa ba Baba, mai hali ma ya wuce kashi goma, ni ina ganin da yawanmu da ke da albashi mai kyau goman ta yi mana kaɗan. Talaka nake karewa.

Ɗan Samaru: Toh Yaya Ma'aji ga roƙona a fili. Duk wata uku a buga takarda ɗaya, abin da ya shigo ta baiko da zakka da transfa, abin da ya fita layi layi, a manna a allon sanarwa. Albashi a haɗe shi a layi ɗaya in ana jin nauyin a ware na fasto. A zaɓi mutum biyu da ba 'yan kwamiti ba su duba littafin a ƙarshen shekara, ɗaya daga zumuntar mata ɗaya daga matasa.

Ma'aji: Wannan ba zai gagara ba, ni ma zai sauke mini kaya don na gaji da kallon da wasu ke mini in na sayi sabon takalmi. Amma ba ni ke yanke hukunci ba, sai na kai wa dattawa a zamansu na gaba.

Baba Dattijo: In ta zo zan goyi bayan takardar. Kati kuwa ina nan a kan bakana, yana koya wa mutum tsari.

Maman Zumunta: Toh Baba in dai sai an yi shi, a bar shi ga wanda ya nema da kansa, kada a bi gida gida da shi, kuma kada a rubuta sunan kowa a allo. Ma'aji kuma ba ka amsa tambayar Malama ba, nawa aka sa wa gwauraye da marayu a kasafin baɗi?

Ma'aji: Mama gaskiya babu layinsu daban, suna cikin taimakon gaggawa ne tare da asibiti da rasuwa.

Maman Zumunta: A ware musu nasu. Ka haɗa da wannan in za ka je wurin dattawa, in kuma ana so mu zo mu yi bayani da bakinmu a faɗa mana ranar, za mu zo.