Abin da na tsinta a hirarmu kan yadda tama ke lanƙwasa a ƙarƙashin ƙasa

Jiya mun daɗe muna tattaunawa da 'yan uwa ɗaliban jiyoloji (ilimin duwatsu da ƙasa) kan samfurin duwatsun tama na Itakpe a jihar Kogi, na ce bari in tattaro shawarwarin kar su ɓace.

Wanda ya fi shiga raina shi ne na wani babban yayanmu, ya ce ka tuna maƙeri, ƙarfe in ya yi ja a wuta sai ya bi guduma, to haka tama take can ƙasa, in zafi da matsi sun yi yawa kuma aka ɗau miliyoyin shekaru ba fashewa take ba, miƙewa take a hankali tana naɗewa. Hematayit da magnetayit nau'o'in tama ne guda biyu. Hematayit ta fi saurin bada kai, ƙwayoyinta na zamewa su jeru falle falle suna ƙyalli, ita kuwa magnetayit sau da yawa za ka ganta dunƙule, sauran dutsen ya kewaye ta.

Sun ja kunne sosai kan ɗaukar samfur, wai kafin ka fasa dutse ka sa masa alamar arewa da inda ya karkata, in ba haka ba wahalar banza ce wallahi. Don bambance su, ka riƙe maganaɗisu, magnetayit ce ke kama shi sosai, ka kuma goga dutsen a bayan tayil: hematayit jan layi, magnetayit baƙi.

Kuma kar siffa ta ruɗe ka, magnetayit kan rikiɗe ta koma hematayit amma ta bar tsohuwar siffarta, shi ake kira matayit, an fi tabbatar da shi in an goge dutsen sumul an duba a maikuroskop mai hasko haske ta sama.