Icce tun yana ɗanye… to fata fa?

Abu Sadiya, Gadarif: Salamu alaikum jama'a, ku raba mu gardama. Ƙanin matata ya baro Omdurman tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023. Da can direban bas ne, yanzu ba mota ba aiki, ga shekara ta haura arba'in. Ya je rumfar baffansu baduku ya ce a koya masa ƙananan farantan fatar nan da ake zuba makulli da agogo da carbi, tunda 'yan'uwa na Jidda suna aiko a yi musu. Tsoho ko ɗago kai bai yi ba, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi kuma ya ce ai ba sassaƙa ya zo koya ba, fata kuwa ko ta shekara a rataye, in ta sha ruwa sai ta bi hannu. Nan murya ta hau. Yanzu gaisuwa ma daga nesa ake yi. Wa ke da gaskiya?

Malam na Kassala: Wa alaikumus salam. Baffa ya ɗauko magana daga mazauninta ya kai ta inda ba nata ba. Wannan karin na tarbiyya ne, shi ya sa aka ce a umarci yaro da salla tun yana shekara bakwai. Neman halali ba shi da wa'adi. Amma shi ma yaron bai kyauta ba, ba a mayar wa babba karin magana a gaban jama'a.

Ɗan Damazin: Malam, "yaron" nan fa yana da furfura.

Baduku Maiurno: Ku bari mai abu ya yi magana. Surukinka ya faɗi gaskiya, amma rabi. Ba kowace fata ke bin ruwa ba. Wadda aka jeme da bagaruwa, garad ɗin nan da ke zube a kowace kasuwa, ita ce ke jiƙa ta riƙe siffa. Ta kamfani mai kurom, wadda in ka yanka za ka ga cikinta shuɗi-shuɗi, ko kwana ta yi a ruwa tana bushewa za ta koma lagwai. Farantin da yake magana, ƙirgi nake yankawa murabba'i, kamar santimita 20 kowane gefe, kauri milimita biyu zuwa uku. In tsoma, in bar ta har launinta ya fara dawowa, sannan in danna ta a kan katako, in tsuke kusurwa huɗu in ɗinke, ko in sa maɓalli in mai shi matafiyi ne yana son ya shimfiɗe ta a jaka. A inuwa take bushewa, rana tana sa ta tsage. Bakin fatar kuma ruwan ƙaro da kakin zuma, a goga har ya yi sheƙi. Amma da zarar ta sha mai da kaki, ƙofa ta rufe, ruwa ba ya shiga yadda ake so. To ka fara bincika mana, surukin naka na bagaruwa ne ko na kamfani?

Ɗan Damazin: Direban bas na Omdurman? Wannan ya sha mai tun tuni.

Abu Sadiya, Gadarif: Ya zol, ka ji tsoron Allah, matata tana karantawa.

Ummu Hafsa, Sinnar: Ni dai abin ya tuno min da habbobata, wato kakata mace, Allah ya jiƙanta. Tana goye aka baro ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, tafiya ta ƙare a bakin kogi, kamar yadda ta ƙare wa mutanen da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi a 1903. Ta tashi tana tsinkar auduga a Jazira. Aka aurar da ita ga kakanmu, baduku, mai ɗinkin laya da kube da jakar Alƙur'ani. Shi irin mutanen nan ne da ba ya yarda mace ta taɓa kayan aikinsa, ko basilla ta faɗi sai dai ta kira yaro ya ɗauka. Sai ido ya fara tafiya. Tun yana laluben rami da yatsa har ya daina. Gida ba kowa sai 'ya'ya mata biyar, namiji ɗaya ya tafi aikin tashar jirgin ruwa a Port Sudan. Ita lokacin ta ba hamsin baya. Wata rana da dare ta jawo fata ta zauna. Layar farko da ta ɗinka, ta ce har ta mutu tana jin kunyarta, kamar an naɗe ƙosai. Ta biyu ma haka. Ba ta gaya masa ba, sai da ta yi wadda ta yarda da ita ta sa masa a hannu. Ya shafa, ya shafa, ya ce wannan ɗinkin wane ne, ya cika matsewa. Bai ƙara cewa komai ba. Ranar kasuwa sai ga shi ya ce a ja shi.

Malam na Kassala: Allahu Akbar. Kun gani ko.

Ummu Hafsa, Sinnar: Ban gama ba Malam. Shekaru yana zama a kasuwa da kayan a gabansa, mutane na cewa tsohon nan ko ba ido hannunsa bai mutu ba, shi kuma yana amsawa da alhamdulillahi. Kowa a unguwa ya san wa ke ɗinkin, ba wanda ya taɓa faɗa. Har wani Balarabe ya zo ya zauna kusa da shi wai yana son ya ga yadda makaho ke ɗinki, kaka ya ce yau Laraba ce, ba ya taɓa basilla ran Laraba. Mutumin ya dawo Alhamis, ya ce masa ai jiya ya manta, Alhamis ce ba ya taɓawa.

Ɗan Damazin: Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ummu Hafsa, Sinnar: Kul. Ko sisi bai taɓa riƙewa ba, duk ita yake juye wa a zane. Kuma shi ne mai gane fata, da shinshinawa yake sanin wadda majemi ya yi wa gaggawa.

Baduku Maiurno: Yaya, labarinki baffa yake goya wa baya. Matar da ta shekara talatin tana kallon hannun baduku, tana jin ƙarar aska a kan katako, ai tun tana ɗanya aka tanƙwara ta, ita ce ba ta sani ba. Direba me ya kalla?

Malam na Kassala: A'a, kallo ba koyo ba ne. Na shekara nawa ina kallon mai jabana, gahawar nan tamu, har yau tawa ba ta shawuwa.

Bawan Allah, Madani: Ku masu cewa busasshe ba ya tanƙwaruwa, ba ku san manyanmu ba. Akwai wanda na sani ya haura saba'in, ya rantse da wannan gwamnati, ya rantse da wadda ta kifar da ita, yanzu yana otal a ƙasar waje yana rantsuwa da ta uku. Ko jiƙa shi ba a yi, ƙamshin ruwan kawai yake ji.

Ɗan Damazin: Wannan ta kamfani ce, ba ta riƙe siffa.

Abu Sadiya, Gadarif: Don Allah kar ku jawo mana. Ni tambayata, in koma wajen baffa in ba shi haƙuri ko in nema wa yaron wani baduku?

Hajiya Babba: Ɗana, ba wanda ya tambayi abin da ke ran tsohon. Wataƙila ya kira shi rumfa yana ɗan shekara goma ya ƙi, ya ce shi mota. Karin maganar ba ta koyo ba ce, ta fushi ce. A kai masa sukari da ganyen shayi, a yi shiru.

Bawan Allah, Madani: Hajiya, da tsadar sukarin yanzu ai gara a saya wa yaron basilla da fata ya koya a YouTube.

Baduku Maiurno: Ya koya, in ya lalata ƙirgi biyu zai san kuɗin sukari. Ummu Hafsa, jan da habboba ke sa wa laya, karan dafi ne ko na kanti? Nawa yana kashewa in ya sha rana.

Ummu Hafsa, Sinnar: Karan dafi, amma akwai abin da take ƙarawa. Bari in tambayi gwaggo in layi ya dawo wajensu.