Turkar shanu a ƙauye: wa ya ci riba, wa ya sha kashi?

Mai tambaya, Gaya: Assalamu alaikum. Ina da 'yan kuɗin da na tara, ina son ɗaure bijimai biyu bayan girbi. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku faɗa mini gaskiya.

Dattijo daga Ringim: Wa alaikumussalam. Yaro, kafin ka je kara, fara cika rumbu. Shekarata ta farko na sayi bijimai biyu irin Bokoloji a Wudil ranar Juma'a, ban tanadi komai ba. Da bazara ta kama, harawar da ake ba ni kusan kyauta da kaka sai da na riƙa sayenta dami-dami, buhun dusa kuma kullum da sabon farashi. Dillali ya cire la'adarsa, na koma gida da uwar kuɗina kawai, sai takin da na kai gona. Yanzu tun a watan Nuwamba nake ɗora harawar wake da ta gyaɗa a kan rufin ɗaki, in haɗa da kowar wake da angurya da kanwa.

Daga Maigatari: Baba ya faɗi gaskiya. Mu nan matsalarmu sefa ce. Yawancin shanun da ke shigowa kasuwar Alhamis daga Nijar suke, naira na faɗuwa, maraƙi na tashi. Da aka rufe iyaka a 2023 mun ji a jikinmu.

Hajiya, Dambatta: Sa ɗaya nake ɗaurewa a bayan ɗaki. Ku yi hattara da ba sa dusa mai yawa rana ɗaya. Nawa cikinsa ya kumbura kamar ganga cikin dare, da ƙyar malamin dabbobi ya ceto shi. A hankali ake saba masa.

Daga Auyo: Mu na bakin fadama ciwon hantar shanu, wanda tsutsa ke kawowa, ne ke cinye mu. Sa na ci, ba ya ƙiba. Ranar da ya shigo gida nake ba shi maganin tsutsa, in cire kaska, in ware shi mako biyu saboda ciwon huhu.

Dattijo daga Ringim: Na manta. Buɗe bakinsa ka duba haƙora da kanka, kar ka bar wa dillali. Ramamme mai ƙashi da tsayi ka nema, ba tsoho ba. Masu lodin tirela zuwa Legas girma suke saye.

Mai tambaya, Gaya: Na gode, Baba. To bari in fara da ɗaya, gobe zan je neman harawa.