Ina ake samun furen orkide da rahusa a Yamai?

Uwargida daga Yantala:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar da na ga orkide a falon wata ƙawata ya shiga raina, har yau bai fita ba. Na leƙa wani babban kanti a Plateau, da na ji kuɗin tukunya ɗaya sai na ajiye na yi waje. Don Allah wanda ya taɓa samu da sauƙi ya gaya mini ina, da yadda ya tsallakar da shi bazara.

Ma'aikaciyar jinya daga Lazaret:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki daina kallon wanda aka jera a gaba. Irin da ake kawo mana galibi Phalaenopsis ne, a jirgin sama yake zuwa, Holand ce kan gaba a Turai wajen rainonsa, kin ga kuɗin hanya kike biya. Furen yakan yi wata 2 zuwa 3, in ya kakkaɓe masu kanti kallon matacce suke masa, alhali hutawa yake yi. Ni yaron kanti na tambaya, ya kai ni bayan kwalaye, ga tukwane uku ba fure ko ɗaya, ganye duk ƙura. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, da yake tukwanen na roba ne da ake ganin cikinsu. Biyu saiwarsu ta yi baƙi ta ruɓe. Ta ukun saiwar kauri gare ta, fari-fari kamar azurfa, na ɗiga ruwa nan take ta koma koriya. Jika 3 na biya. Saiwa ake saye Hajiya, da ganye mai tauri, ba mai yaushi ba.

Mai lambu daga Gamkalle:
Ni a bakin gulbi na tashi, gaskiya mu ba mu cika ajiye shi ba. Bugenbiliya da lemu da mangwaro su ne kasuwarmu. Zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ba ya barin orkide a fili. Amma ki bi masu dashe na Corniche, hanyar bakin gulbi, ki bar sallahu, wani lokaci mai barin gari yakan sayar musu da tukwanensa gaba ɗaya. In kin ga irin orkiden da ake kira Dendrobium ki ɗauka, ya fi jure zafi da haske.

Tanti daga Harobanda:
Ni dai na ji jiki. Shuɗi na saya da tsada, ashe rini ake yi masa, in ya sake fure fari zai fito. Nawa ma bai kai nan ba. Don son da nake masa na juye shi a ƙasa da takin awaki, ina ba shi ruwa safe da yamma. Kwana ashirin bai cika ba ganyen ya zube a hannuna. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Ayya Tanti, Allah ya mayar da alheri. A dajinsa jikin itace yake mannewa, saiwarsa iska take so, ƙasa shaƙe ta take yi. Nawa a ɓawon kwakwa da gutsuren gawayi yake, ɓawon sai da na jiƙa shi kwanaki ina canza ruwa. Ba na ba shi ruwa sai saiwar ta koma fari-fari, kuma ba na barin ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye. Da bazara, in an ɗauke wuta, kusa da randa nake kai shi a ɗakin da rana ba ta shiga. Da hunturu ina goge masa ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, in bar shi kusa da taga ya sha sanyin dare, don sanyin nan ne ke sa ya fito da sandar fure. Nawa a Janairu ya fito da ita.

Uwargida daga Yantala:
Na gode ƙwarai. Jiya na koma kantin, yaron ya ce akwai biyu da furensu ya fara zuba, in dawo Asabar. Gawayi ina da shi. Yaya, ɓawon kwakwar a Petit Marché kika samu, ko sai na je Katako?