Shan kaye a Fantasy Premier League: rashin sa'a ne ko rashin dabara?

Abu Khalil:
Assalamu alaikum. Ina cikin wata ƙaramar gasar Fantasy Premier League (wasan intanet da mutum ke haɗa tawaga daga 'yan wasan gasar Firimiya ta Ingila, yana samun maki bisa ƙwazonsu a fili) tare da abokan aikina, irin wadda ake karawa mutum da mutum kowane mako. Abin da ke ba ni takaici shi ne, sau da yawa makina yakan fi na akasarin mahalarta, amma sai jadawali ya haɗa ni da wanda kyaftin ɗinsa ya zura ƙwallaye uku, in tashi a tutar babu. Shin akwai abin da zan gyara?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam. Tsarin gasar taku ne ya gaji haka, domin wanda ya fi abokin karawarsa ko da maki ɗaya ne zai kwashe maki uku na teburin gasar, kai kuwa ba a duba yawan abin da ka tara. Shawarata ita ce ka guji sauya 'yan wasa cikin fushi. Duk sauyin da ya wuce na kyauta maki huɗu ake zaftare maka, daidai da ladan ƙwallo guda ta ɗan gaba, kuma galibi wanda ka sayo don ya haskaka a makon jiya ba ya maimaitawa.

Ummu Hanan:
Ban yarda cewa sa'a ce kaɗai ba, Malam. Fam miliyan 100 na cikin wasan aka ba kowa ya sayi 'yan wasa 15, kuma mako 38 ya isa ya bambanta mai lissafi da mai caccanka. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne zaɓen kyaftin, tunda makinsa ninkawa ake yi. A kakar 2024/25 Mohamed Salah ya tara maki 344, amma wasu suka yi ta kauce masa don kawai su bambanta da jama'a, har kakar ta ƙare suna ƙasan teburi.

Ɗan Baba:
Ina tare da Ummu Hanan. Ƙari a kan haka, Malam Abu Khalil, ana rufe sauye-sauye minti 90 kafin wasan farko na mako, saboda haka ka jira bayanan masu horarwa game da raunuka kafin ka taɓa tawagarka. Ka kuma tanadi benci mai buga wasa, domin mai horarwa irin Guardiola ya saba ajiye ɗan wasa ba tare da wani dalili da mu 'yan kallo za mu gani ba.