Binciken wasan yara: sana'a ce ko ɓata shekaru?

Malamin Firamare, Argungu:

Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina koyar da darasin motsa jiki da lafiya a wata firamare a nan Argungu, kuma bana Allah Ya ba ni gurbin digiri na biyu. Abin da raina ya kwanta a kai shi ne in binciki yadda yara ke koyon sarrafa jikinsu, wato gudu da tsalle da jifa da cafe.

Ga abin da ya ja ni. Bara na jera 'yan aji uku, na ce kowa ya yi langa daga gindin darbejiya zuwa bakin aji, bai fi taku ashirin ba. Yaran bakin fadama, masu kora awaki da kai abinci gona, suka wuce kamar fara. Ɗiyan ma'aikata kuwa, waɗanda ake saukewa a mota a ƙofar makaranta, wasu ko taku biyar ba su kai ba sai ƙasa. Wata ma ta tsaya ta ce da ni, "Malam, wace ƙafa ake riƙewa?" Dariya na yi a lokacin, amma da dare abin ya hana ni barci.

Da na kai maganar ga wani babba a fannin, sai ya ce, "Langa za ka rubuta wa kundi?" Baffana kuma tuni ya raɗa mini malamin guje-guje. To, akwai wanda ya gina rayuwarsa ta bincike a kan wannan? Kuma da me ake aunawa?

Lakcara daga Gusau:

Wa alaikumus salam Malam. Akwai, kuma har sun kai farfesa a kai. Duba Anthony Okely na Jami'ar Wollongong a Ostireliya. Tun farkon shekarun 2000 yake wallafa bincike kan alaƙar iya gudu da jifa da yawan motsa jikin yara, shi ya jagoranci tsara ƙa'idojin motsi da barci na ƙananan yara na ƙasarsu a 2017, sannan ya kafa binciken SUNRISE da ke auna 'yan shekara uku da huɗu a ƙasashe da dama. Akwai David Stodden a Amurka, wanda shi da abokan aikinsa suka kawo wani bayani a 2008 da ya yi daidai da yarinyar nan taka: yaron da bai iya ba yakan ji kunya, sai ya janye daga wasa, janyewar ta ƙara hana shi iyawa, daga nan ƙiba da rashin ƙarfi su biyo baya. Kuma igiyar tana ƙara ɗaurewa ne yayin da yaro ke girma.

Batun awo, ido ba mudu ba ne ko da ya san kima, a kundi sai da mudu. Mudun da aka fi amfani da shi shi ne TGMD, wani gwajin auna yadda yara ke sarrafa jikinsu, wanda Dale Ulrich ya fitar a 1985. Bugu na uku yana duba abubuwa 13 a yaro ɗan shekara 3 zuwa 10: shida na tafiya, bakwai na ƙwallo. Ba nisa ko sauri ake ba maki ba, yadda aka yi ake dubawa. A jifa, misali, ya taka da ƙafar da ke kishiyar hannun? Ya murɗa ƙugu? Waya mai kyamara ta ishe ka, ka ɗauka, ka koma gida ka ba da maki a tsanake. Tsalle da ƙafa ɗaya na cikin 13 ɗin, ka ga langarka ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Cikin gwajin har da dukan ƙwallo da sanda da hannu biyu irin na wasan Amurkawa. Yaron da ya tashi yana iyo a Matan Fada, yana harbin tsuntsu da gwafa, ka miƙa masa wannan sanda, dole ya sha ƙasa, kai kuma ka rubuta cewa yaranmu na baya. A ganina kundinka na nan: ka auna su da TGMD, ka kuma auna su da langa da carafke da tsallen igiya, ka ga inda mudun biyu suka haɗu da inda suka rabu. Kar ka ɗaga hankalinka kan na'urar ActiGraph da ake ɗaura wa yaro a ƙugu mako guda. Tana da tsada, a bar ta sai digiri na uku.

Maman 'Yan Biyu, Jega:

Dakta, tunda an zo nan bari in sauke abin da ke raina. Ni ma'aikaciyar jinya ce. A wani taro aka karanta mana ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, wai kada a ɗaure yaro ƙasa da shekara biyar fiye da awa ɗaya a lokaci guda, kuma ƙiri-ƙiri suka lissafa goyo tare da keken jarirai. Haba! Macen da ke surfe, ga tukunya a wuta, ga kaji, ina za ta aje shi? Mu duk a baya muka girma. Hassana da Usainina wata huɗu kakarsu ta fara zaunar da su cikin baho, ta tokare su da tsummoki, kafin shekara duk sun taka.

Lakcara daga Gusau:

Hajiya, abin da kakarsu ta yi an taɓa rubuta irinsa. A 1976 Charles Super ya nuna cewa jariran ƙabilar Kipsigis a Kenya na riga na Amurka zama da tafiya, saboda iyaye na koya musu da gangan, amma ba sa riga su rarrafe, don ba a cika barin su a ƙasa ba. Abin da aka horar shi ke saurin zuwa. Ita ƙa'idar ba haramta goyo ta yi ba, so take a riƙa saukewa, jariri ya samu aƙalla minti 30 a rana yana rub da ciki idonsa biyu, ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu kuma minti 180 na motsi. Ni ma dai ina ganin goyon uwar da ke tafe tana sunkuyo ba ɗaya yake da kujerar mota ba, kuma mu ya kamata mu auna wannan mu faɗa musu.

Don kwantar da hankalin iyaye: a binciken hukumar na 2006, da aka yi da yara daga Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, lafiyayyen yaro na iya fara tafiya shi kaɗai tun daga wata 8 har kusan wata 18. Wasu ma, kusan huɗu cikin ɗari, ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam.

Ɗan Anka:

Malam, wagga magana ta yi kyau, amma in ƙara maka ɗaya. Mu nan munka ga 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum, saboda dutsen zinari da anka riƙa niƙawa cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana jinyar waɗanda sunka rayu, kuma dalma ƙwaƙwalwa da jijiya take taɓawa. Ga tamowa, ga rashin tsaro da ya sa uwa ba ta barin ɗa ya wuce ƙofar gida, dandalin da muke langa da farin wata yanzu ko kare ba ya ratsa shi bayan isha'i. Saboda haka in yaro ya kasa tsalle, kar ka yi saurin cewa waya ce ko talabijin. Ka aza shi bisa sikeli, ka auna tsawonshi, ka tambayi uwar abin da ya ci da safe da kuma inda yake wasa. In ba haka ba, yunwa za ka auna ka kira ta lalaci.

Malamin Firamare, Argungu:

Allah Ya saka da alheri, na kwafe duka cikin littafi. Ɗan Anka, ka taɓo ni, don cikin waɗanda suka faɗi ran nan akwai wani ɗan fadama siriri da na ɗauka wasa ne ya yi masa yawa, ban taɓa tambayar ko ya karya ba. Zan aro sikeli da ma'aunin tsawo. Dakta, saura abu ɗaya: hedimasta ya yarda, amma ɗaukar 'yan mata a bidiyo suna tsalle sai da izinin iyaye, kuma na san unguwar nan. Ta mai unguwa zan fara bi, ko in roƙi wata malama ta riƙe wayar ni in tsaya daga nesa?