Koyon walda a Amurka ga wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba

Bamaraɗe:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune a Greensboro, a jihar North Carolina, ina aiki a wani ɗakin ajiyar kaya. Kafin in baro Maraɗi na yi walda a hannun kawuna, muna haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, amma ba ni da takardar shaida, kuma da Faransanci na yi karatu. Turancina bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Shin in dakata har harshen ya zauna a bakina kafin in nemi gurbin koyon walda, ko akwai hanyar haɗa biyun? Wace takarda kuma kamfanoni suke nema daga sabon shiga?

Baban Zainab:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce kada ka dakata. Yawancin kamfanoni, duk takardar da ka kawo musu, sai sun miƙa maka ƙarfe biyu sun ce ka haɗa a gabansu, daga nan a yanka wurin haɗin a lanƙwasa shi da inji, idan ya tsage ka faɗi, idan ya riƙe ka ci. Wannan jarrabawa hannu ne yake amsa ta, kuma hannunka ya riga ya saba.

Sai dai waldar nan ta bambanta da ta gida. Mu mun saba da sandar walda mai lamba 6013, alhali a aikin gine-ginen ƙarfe a nan 7018 aka fi amfani da ita, wadda ba ta son danshi ko kaɗan, shi ya sa ake ajiye ta a cikin tanda ta musamman. Lambar 70 da ke farkonta tana nufin haɗin zai jure jan da ya kai nauyin fam (laba) 70,000 a kan kowane murabba'in inci. Masana'antu kuwa, inda sabon shiga ya fi samun aiki, sun fi yin waldar MIG, wadda inji yake turo waya da kansa, iskar gas tana kare narkakken ƙarfen. Ita za ka fara kamawa, TIG, wadda ake yi da tsinin da ba ya narkewa ana ƙara waya da hannu, ta biyo baya.

Game da takarda, nemi gwajin da ya dace da ƙa'idar D1.1 ta Ƙungiyar Masu Walda ta Amurka, wato AWS, musamman 3G, walda a tsaye, da 4G, walda a saman kai. Ta bututu mai lamba 6G, inda ake kafe bututun a karkace digiri 45, ta fi kawo kuɗi, amma ba da ita ake farawa ba.

Maman Abba:

Na yarda da Baban Zainab cewa kada ya dakata, amma ina jin tsoron a ɗauka cewa Turancin ba shi da wani muhimmanci. Malam, kowane aiki yana zuwa da takardar da ta fayyace irin sandar da za a sa da ƙarfin wutar da za a ba inji, ga kuma zane mai alamomi da ke nuna gefen da za a haɗa da kaurin haɗin. Wanda bai iya karanta su ba zai yi walda mai kyan gani a wurin da ba a ce a yi ba. Ga kuma batun lafiya, domin hayaƙin ƙarfen da aka shafa wa zinki yana sa zazzaɓi, kuma idan wani ya yi ihun gargaɗi a cikin ƙarar injina, babu lokacin neman tafinta.

Turancin da ake bukata a nan ɗan kaɗan ne, kuma a bakin aiki ya fi saurin shiga. A jihar Washington akwai tsarin I-BEST, inda malamai biyu suke shiga aji ɗaya, ɗaya yana koyar da sana'a, ɗaya yana koyar da harshe da lissafi, kuma wasu jihohi sun kwaikwayi tsarin. A yankinku kwalejin GTCC tana koyar da walda, tana kuma da azuzuwan Turanci na baƙi, saboda haka ka je ka tambaye su yadda za ka jera biyun. Idan kana da izinin aiki, ka leƙa ofishin NCWorks, na gwamnatin jihar mai taimaka wa masu neman aiki, ka tambayi tallafin horo na dokar WIOA ta 2014.

Ɗan Damagaram:

Yaya, abin da ya fi wahalar da mu 'yan Nijar shi ne awo. Mun tashi da mita da milimita, a nan kuwa inci ne, kuma an rarraba shi zuwa rabi da kwata har kashi goma sha shida. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, amma kada ka saba da juyawa a ka, domin shugaban aiki zai ce uku bisa takwas, kuma yana so ka nuna shi a kan tef ɗin awo nan take. Ka sayi tef na inci tun yanzu, ka riƙa auna ƙofa da tebur a gida kana faɗin awon da Turanci da ƙarfi, domin wasu kamfanonin da karatun tef suke fara gwada mutum kafin su ba shi injin.